Wai da gaske ma'aikatan masaƙun farko na Ingila sun fi manomi shan wuya?

Sarkin_Noma_Jr:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ana yawan cewa ma'aikatan masana'antun farko a Ingila, wajen 1780 zuwa 1850, sun yi rayuwar da ta kusa da bauta. Ni dai ina ganin an zuzuta abin. Awa 12 ko 13 aka ce suna yi. To manomi da damina fa? Tun asuba yana duƙe har la'asar sakaliya, ga rana, kuma babu mai miƙa masa ko kwabo ran Asabar. 'Ya'yan manomi ma tun suna ƙanana suke bin iyayensu gona. In wahalar ta kai yadda ake faɗa, me ya sa mutane suka riƙa barin ƙauye suna tururuwa zuwa Manchester? Masana, a warware mana.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in awa kawai za mu ƙirga, kana da gaskiya, manomi da damina ba ya kasa su. Bambancin yana wajen wanda ke riƙe da lokacin. Manomi in ya gaji ya nemi inuwa, in hadari ya taso ya koma gida, in an gama girbi aiki ya yi sauƙi wata da watanni. Ma'aikacin masaƙa ba shi da rani ba shi da damina, kwana shida ne kowane mako, kuma saurin da zai yi aiki ba shi ke zaɓa ba, inji ne.

Ɗauki masaƙar da Richard Arkwright ya gina a Cromford a 1771, wadda ruwan rafi ke juyawa. Dare da rana take aiki, rukuni biyu, kowanne awa 12. Ana kaɗa ƙararrawa ƙarfe 5, ƙarfe 6 a rufe ƙofa. Wanda ya iso bayan an rufe, ladan ranar ya tafi. A Manchester kuwa wajen 1820, an saba farawa 5:30 ko 6 na safe, a tashi 7 ko 8 na dare. A takarda akwai rabin awa na karin kumallo da awa guda na abincin rana, amma a wurare da yawa a lokacin ne ake tsayar da inji a sa yara su share shi su zuba masa mai, sai su ci abincin a tsaye bayan ƙurar auduga ta lulluɓe shi.

Masaƙun da suka dogara da ruwa suna da tasu matsalar. Rafi ya ja baya ko ya yi ambaliya, inji ya tsaya, to daga baya sai an rama awannin da aka rasa, a kai awa 14 ko 15. Sannan agogo ɗaya ne, na mai masaƙa. Ma'aikata sun ba da shaida cewa ana tura shi gaba da safe a ja shi baya da yamma. Shi ya sa dokar 1844 ta ce dole a bi agogon gari wanda sufeto ya amince da shi.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ƙari a kan maganar Malam, akwai jerin tarar wata masaƙa a Tyldesley, kusa da Manchester, da aka wallafa a 1823. Kuɗin irin wanda iyayenmu suka sani ne kafin zuwan naira a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. An same ka ka buɗe taga, sule ɗaya. An same ka da datti a bakin aiki, sule ɗaya. An same ka kana wanke jikinka, shi ma sule ɗaya. Ka yi fito, sule ɗaya. Ka makara minti biyar bayan ƙararrawar ƙarshe, sule ɗaya. In kuwa ciwo ya kwantar da kai ba ka samo wanda zai tsaya maka ba, sule shida a rana, wai kuɗin tururin da aka ɓata. Ku dubi na biyu da na uku da kyau. Ka bar datti a ci ka tara, ka wanke a ci ka tara.

Sarkin_Noma_Jr:
Tarar buɗe taga kuma, Hajiya? Mugunta ce zalla ko akwai dalili?

Injiniya_Kakuri:
Akwai dalili, kuma dalilin na zaren ne, ba na mutum ba. Auduga in iska ta bushe sai silinta ya yi tauri ya riƙa tashi, zare ya yi ta tsinkewa. Tana son ɗumi da laima. Ana auna sirancin zare da lamba: ƙulli ɗaya yadi 840 ne, in ƙulli 40 suka yi nauyin fam ɗaya na awo, to zaren lamba 40 ke nan. Yadda lamba ke hawa haka zare ke ƙara siranta, haka kuma yake ƙara buƙatar zafi. Ɗakunan kaɗin siririn zare sukan kai digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin salshiyas, tagogi a rufe ruf. Mu a nan za mu ce ai wannan ba zafi ba ne, amma ku haɗa shi da laima, da warin mai, da numfashin mutane da yawa, da fitilun gas da aka fara sa wa masaƙu tun wajen 1805. Sannan mutum ya fito da jiƙaƙƙiyar riga cikin sanyin hunturun Lancashire, yankin masaƙun da Manchester take ciki.

Ga yadda audugar ke tafiya, don a gane inda haɗari yake. A kwance dila, a zuba a injin da ke bugunta yana fitar da ƙasa da kara da ɓurɓushin angurya. Daga nan ta fito shimfiɗe kamar bargo a naɗe ta. Sai injin shiɓa, mai ganguna lulluɓe da ƙananan haƙoran waya, ya taje ta ta fito kamar igiya mai laushi. A haɗa irin waɗannan igiyoyi shida ko takwas a ja su ta cikin rodi don kaurinsu ya daidaita, a ƙara ja a ɗan murɗa, sannan a kai ɗakin kaɗi. Matakai biyun farko, bugu da shiɓa, nan ƙura take.

Nas_Rabi:
Ƙurar nan da Injiniya ya ambata ita ke kawo ciwon da likitoci ke kira bisinosis. Alamarsa ta farko tana da ban mamaki: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya ranar Litinin, wato ranar farko bayan hutun Lahadi, sai ya lafa zuwa tsakiyar mako. Da shekaru suka yi nisa sai ɗaurewar ta bi Talata da Laraba, daga ƙarshe ta zauna dindindin, mutum ya kasa hawa matakala. Ba silin audugar ne babban mai laifi ba, ɓurɓushin ganye da ɓawon da ke zuwa tare da ita ne, da ƙwayoyin cutar da ke kansu. Waɗanda suka fi kamuwa su ne masu kankare haƙoran injin shiɓa da wasa su. Sai a farkon shekarun 1940 Birtaniya ta fara biyan diyya a kan wannan ciwo.

Akwai kuma lanƙwashewar ƙafa a yaran da suka fara aiki da wuri. Ƙashi bai gama ƙwari ba, ga tsayuwar awa 12, ga rashin hasken rana da ƙarancin abinci mai kyau, sai gwiwoyi su karkata ciki, tafin ƙafa ya baje.

Injiniya_Kakuri:
Bari in faɗi aikin yaran dalla-dalla, don ba irin na tsinkar wake a gona ba ne. Injin kaɗin da Samuel Crompton ya ƙirƙiro a 1779, wanda Richard Roberts ya mayar mai sarrafa kansa wajen 1830, kashi biyu ne. Akwai ɓangaren da ke tsaye mai rodin da ke sako auduga, akwai kuma doguwar kura mai tayoyi da ke ɗauke da mazarai. Kurar ta ja baya kamar ƙafa biyar tana miƙe zare tana murɗa shi, ta tsaya, ta dawo tana naɗe shi a jikin mazari. Wajen sau huɗu take yin haka a minti ɗaya. Na farko-farko mazaransu kaɗan ne, na baya sun haura dubu, kuma inji biyu ake ajiyewa suna fuskantar juna, mutum ɗaya da yaransa a tsakiya.

Zare ya tsinke, aikin mai ɗauri ke nan. Ba ƙulli yake yi ba. Zai kamo bakin zaren daga kan mazari, ya jawo shi, ya manna shi a kan audugar da ke fitowa daga rodi, murɗin injin ya haɗe su. Dole ya yi wannan a daƙiƙun farko da kurar ta fara ja baya, in ta yi nisa hannunsa ba zai kai ba, sai ya jira zagaye na gaba, auduga kuma tana zuba a banza. Fatar yatsunsu tana cinyewa har jini. Mafi ƙanƙanta cikin yaran shi ne mai shara: ya rarrafa ƙarƙashin zaruruwan da burushi yana kwashe audugar da ta zuba, domin in ta taru da mai gobara ce. In kura ta taso dawowa, ko ya fice ko ya kwanta ya manne da ƙasa. Wanda gyangyaɗi ya ɗauka a nan, kansa ko hannunsa ne zai shiga tsakanin kura da ƙarfen da ke tsaye. Kuma ba takalmi suke aiki, saboda daɓen katakon ya sha mai, santsi gare shi.

Abin da mutane ba su cika sani ba: shi mai kaɗin da nauyin zaren da ya fitar ake biyansa, kuma daga aljihunsa yake biyan yaran. Saboda haka dukan da ake faɗa, sau da yawa ba mai masaƙa ke yi ba, ba ma heluma ba, ɗan'uwansu ma'aikaci ne, wani lokaci mahaifin yaron.

Bakanike_Sabon_Gari:
Injiniya ka manta bel. Duk wanda ya san injin niƙa ya san yadda bel ke fizgar riga. To a can inji ɗaya ne babba a ƙasa, na ruwa ko na tururi, yana juya dogayen sandunan ƙarfe da suka ratsa kowane bene, daga jikinsu bel ɗin fata ke saukowa zuwa kowane inji, ɗaruruwa, babu murfi ko ɗaya. Wurare uku ke cin mutum: inda bel ke hawa fuli, kan kusoshin da ke haɗa sanda da sanda, da haƙoran giya. Gashin mace ko bakin zane ya taɓa sanda mai juyawa, kafin a aika ƙasa a tsayar da babban inji an gama. Kuma mayar da bel ɗin da ya zame ana yinsa ne inji na gudu, don tsayarwa asara ce ga kowa. Sai 1844 doka ta tilasta killace waɗannan wurare ta kuma hana yara share sandunan suna juyawa.

Ummu_Khalil:
Innalillahi. To iyayen yaran nan suna ina aka yi haka?

Malam_Tarihi:
Malama, na farkon da yawansu ba su da iyayen da za su tsaya musu. Masaƙun ruwa a bakin rafuka suke, nesa da gari, babu isassun ma'aikata. Su kuma hukumomin unguwanni a Landan da Liverpool suna da gidajen gajiyayyu cike da marayu da 'ya'yan matalauta da ake ciyarwa da kuɗin haraji. Sai aka haɗu: a sa hannu a takarda a miƙa yaro a matsayin ɗan koyo, yawanci har ya kai shekara 21, ba albashi, sai ci da sutura da wurin kwana. Robert Blincoe, wanda labarinsa ya shahara daga baya, yana da shekara 7 aka ɗauke shi daga gidan gajiyayyu na St Pancras a 1799 zuwa masaƙar Lowdham kusa da Nottingham, daga can aka mayar da shi masaƙar Litton.

Dokar farko ta 1802 saboda irin waɗannan yara aka yi ta. Ta ce kada ɗan koyo ya wuce awa 12, a daina sa su aikin dare, a shafe bangon masaƙa da farar ƙasa sau biyu a shekara, maza da mata su kwana daban, kada a haura biyu a gado ɗaya, a koya musu karatu da rubutu da lissafi. Daga abin da doka ta hana za ki gane abin da ake yi. Wanda ya kawo ta, Sir Robert Peel babba, shi kansa mai masaƙa ne, kuma a masaƙarsa ta Radcliffe zazzaɓi ya ɓarke a 1784. Da injin tururi ya yaɗu masaƙu suka koma cikin gari, sai aka daina buƙatar marayu, aka koma ɗaukar 'ya'yan unguwa, waɗanda dokar 1802 ba ta shafa ba.

Dan_Adawa_Katsina:
Kun fa yi wa Sarkin Noma taron dangi. Bari in tsaya masa. Mafi yawan labaran ban tausayin nan daga kwamitin majalisa na 1832 da Michael Sadler ya jagoranta suka fito, kuma kowa ya san ɓangare ɗaya aka saurara. Masu fafutukar rage awa su suka kawo shaidun, ba a rantsar da su ba, kafin a ji ta bakin masu masaƙu aka rushe majalisa. Na biyu, a 1835 yara 'yan ƙasa da 13 kimanin kashi 13 cikin 100 ne na ma'aikatan masaƙun auduga, ba su ne mafi yawa ba. Na uku, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Samuel Greg a masaƙarsa ta Quarry Bank ya ɗauki likita, Peter Holland, yana duba 'yan koyonsa. Robert Owen a masaƙun New Lanark ya ƙi ɗaukar yaro ɗan ƙasa da 10, ya buɗe makaranta a 1816. Yaran da ke ramin kwal da masu share bututun hayaƙi sun fi na masaƙa shan wuya nesa ba kusa ba.

Malam_Tarihi:
Maganarka a kan kwamitin Sadler haka take. Sai dai ka tsaya a tsakiyar labari. Masu masaƙu sun nemi a sake bincike, aka kafa hukuma a 1833 da ta zagaya garuruwan da kanta, kuma mutanen cikinta irin su Edwin Chadwick ba abokan Sadler ba ne. Ita ma ta dawo ta ce yara suna yin awanni daidai da manya kuma yana lalata musu jiki. Rahotonta ne ya haifi dokar 1833. Quarry Bank ɗin ma, da likitan da komai, awa 12 ne zuwa 13.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ɗan Adawa ya taɓo inda amsar Sarkin Noma take, wato kuɗi. Wajen 1833 ƙwararren mai kaɗin siririn zare a Manchester yakan tashi da sule 25 zuwa 30 ko fiye a mako. Leburan gona a kudancin Ingila sule 8 zuwa 10, kuma da hunturu aikin yankewa yake. Mace a masaƙa wajen sule 8 ko 9, ƙaramin yaro sule 2 zuwa 3. Gida mai mutum huɗu a masaƙa ya fi gidan leburan gona samu, wannan babu gardama. Amma masu sule 30 ɗin 'yan tsiraru ne. Fiye da rabin ma'aikatan mata ne da 'yan mata, don ladansu ya fi araha.

Kuma ku lura, wanda muke kira manomi a can yawanci ba mai gona ba ne, ɗan ƙodago ne a gonar wani. Ga kuma masu saƙar hannu a gida, waɗanda wajen 1800 suke samun sama da sule 20 a mako, zuwa shekarun 1830 suka faɗo sule 5 ko 6. Injinan saƙa sun tashi daga kimanin 2,400 a 1813 zuwa kusan 100,000 a 1833. Uban da sana'arsa ta mutu a hannunsa, masaƙa ba ta son ɗaukarsa don ya tsufa da koyo, 'ya'yansa take so.

Sannan abin da aka rubuta ba shi ke shiga aljihu ba. A cire tara, a cire hayar gida in na mai masaƙa ne. Wasu wuraren ma ba kuɗi ake ba ka ba, takarda ce ko kwabban kamfani da ba sa ciyuwa sai a kantin mai gida, inda kaya suka fi tsada. An haramta wannan a 1831, amma ya daɗe bai mutu ba.

Yaro_Mai_Tambaya:
Amma ai a 1847 an mayar da aiki awa 10 ga kowa, ko ba haka ba?

Lauyan_Kwadago:
Ba ga kowa ba, ƙanena. Mata ne da matasa 'yan 13 zuwa 18, a masaƙu kawai, kuma awa 10 ɗin daga Mayun 1848 ta fara. Majalisa ba ta taɓa awannin maza manya ba, wai su 'yantattu ne da za su iya ciniki da kansu. Dabarar masu fafutuka ita ce in mata da yara suka tashi, inji ba zai iya gudu ba, dole maza ma su tashi.

Darasin da ke cikin dokokin nan na masu sa ido ne. Ta 1802 da ta 1819 kusan a takarda suka tsaya don babu ma'aikacin da aka ɗauka musamman ya bi su. Ta 1833 ce ta kawo sufetoci, su huɗu kacal ga Birtaniya da Ireland gaba ɗaya, da 'yan mataimaka. Ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da 9, ban da masaƙun siliki. 'Yan 9 zuwa 13 awa 9 a rana, 48 a mako, da karatun awa biyu. 'Yan 13 zuwa 18 awa 12, 69 a mako. Babu aikin dare ga ɗan ƙasa da 18.

Ga inda aka riƙa zillewa. Rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1837 aka fara, saboda haka likita ne zai dubi yaro ya rubuta cewa ya yi kama da ɗan 9 ko ɗan 13, har aka koma duba haƙora. Iyaye da kansu suna ƙara wa yaro shekaru don ya sami cikakken lada. Makarantar kuma wani lokaci ɗakin mai zuba kwal ne, shi ne malamin. In an kai ƙara, alƙalan yankin sau da yawa masu masaƙu ne ko surukansu, tarar ba ta kai ribar karya dokar ba. Bayan 1847 kuma suka ɓullo da karɓa-karɓa: a sallami yarinya awa biyu da rana a dawo da ita da yamma, inji ya yi ta gudu awa 15, sufeto ya kasa lissafa awannin kowa. Dokar 1850 ce ta toshe wannan da ta ce mata da matasa tsakanin 6 na safe da 6 na yamma kawai za su yi aiki, da awa ɗaya da rabi na abinci, ran Asabar a tashi ƙarfe 2.

Nas_Rabi:
Duk muna cikin masaƙa, ba mu bi su gida ba, alhali gidan ya fi kashe su. Manchester ta tashi daga mutum wajen 75,000 a 1801 zuwa sama da 300,000 a 1851, ba magudanar ruwa, ba tsari. Gidajen a manne suke baya da baya, bango uku ba taga, iska ba ta ratsawa. Mafi talauci suna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ruwa ke tsattsafowa. A unguwar da ake kira Little Ireland an ƙiyasta masai ɗaya ga mutum kamar 120. Kwalara ta shigo a 1832. Rahoton Chadwick na 1842 ya ce matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburori a Manchester 17 ne, a karkarar Rutland kuwa 38.

Dan_Adawa_Katsina:
Anti Nas, a yi hattara da 17 ɗin nan. Ba yana nufin ma'aikaci na mutuwa yana ɗan 17 ba. Mutuwar jarirai ce ta ja lissafin ƙasa, don fiye da rabin 'ya'yan leburori ba sa kai shekara 5.

Nas_Rabi:
Haka ne, kuma gyaran naka bai sauƙaƙa abin ba. Uwa tana komawa aiki 'yan makonni bayan haihuwa, ta bar jariri wajen wata tsohuwa ko yarinya 'yar shekara bakwai. Abincinsa burodi jiƙe da ruwa da sukari. In ya dame su da kuka a ɗura masa Godfrey's Cordial, ruwan zaƙi ne mai ɗauke da ofiyom, ana sayar da shi a kanti kamar alewa. Jaririn da ke barci kullum ba ya neman nono, sai ya rame ya tafi.

Abincin manya kuwa: shayi da burodi ko kunun hatsin ot da safe, dankalin turawa da ɗan kitse ko guntun naman alade da rana, da dare a maimaita shayi da burodi. Dokar da ta hana shigo da hatsi mai araha, daga 1815 zuwa 1846, ta sa burodi ya yi tsada. Da yake agogo ya fi ƙarfin talaka, akwai mai sana'ar tashin mutane, yana yawo da doguwar gora kafin asuba yana ƙwanƙwasa tagogin bene, a biya shi 'yan kwabbai a mako.

Masakin_Zamani:
Ba a yi maganar ɗakin saƙa ba. Ɗaruruwan injina na buga ƙoshiya lokaci guda, ƙarar ta sa masu saƙa suka ƙware da karanta leɓe, yawancinsu kuma suka tsufa da kurumta. Ƙoshiyar katako ce mai bakin ƙarfe, in ta kuɓuce daga inji ido take nema. In zaren cikinta ya ƙare, za a sa sabon ƙwarƙwaro, sai a kafa baki a ramin ƙoshiyar a zuƙo bakin zaren. Sau ɗaruruwa a rana, da ƙura da rini da mai, kuma ƙoshiya ɗaya tana bin bakuna da yawa a garin da tarin fuka ya yi katutu. Jihar Massachusetts ta Amurka ta hana wannan a 1911, Lancashire sai a shekarun 1950. Zaren tsaye kuma ana shafa masa ƙullin fulawa da farar ƙasa don ya yi ƙwari, yadin kuma ya yi nauyi a sikeli. Ƙullin na bushewa zare ya karye, shi ya sa ake busa tururi cikin ɗakin har tufafin mutane su jiƙe. In an sami aibi a yadi, mai saƙar za a yanka wa lada.

Binta_Boston:
Tunda an ambaci Massachusetts, tsarin Lowell, garin masaƙu a jihar, ya bambanta. Daga 1823 masu masaƙun suka riƙa ɗaukar 'yan matan manoma, yawanci 'yan 15 zuwa 30, a ajiye su a gidajen kwana na kamfani ƙarƙashin wata dattijuwa, a rufe ƙofa ƙarfe 10 na dare, zuwa coci dole. Wajen awa 73 a mako. Bambancin shi ne suna da gonar uba da za su koma, yawanci shekaru kaɗan suke yi su tara kuɗi su tafi. Duk da haka sun yi yajin aiki a 1834 da aka rage lada, da 1836 da aka ƙara kuɗin kwana da abinci. Da 'yan Ireland da yunwa ta koro suka iso a ƙarshen shekarun 1840, waɗanda ba su da inda za su koma, kamfanoni suka daina lallashi. Dokar awa 10 sai 1874 ta zo a jihar.

Dan_Funtua:
Ita audugar ma ai da gumin bayi aka noma ta. Kafin 1861 fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar Lancashire daga kudancin Amurka take zuwa. Yaƙin basasar can ya datse ta, masaƙu suka rufe, a ƙarshen 1862 kusan mutum rabin miliyan na karɓar agaji. Da aka koma ta Indiya, gajeren sili gare ta ga datti, zare na ta tsinkewa, ladan mai kaɗi ya faɗi. Tsoron maimaituwar irin wannan na cikin abin da ya sa aka kafa BCGA, ƙungiyar Birtaniya ta bunƙasa noman auduga, a Manchester a 1902, ita ce ta zo ta kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtua da Gusau. Sun ɗauka in jirgin ƙasa ya iso Kano, wanda ya iso a 1911, auduga za ta kwarara. Sai masaƙan Kano suka riƙa sayenta da farashin da ya fi nasu, manoma kuma suka rungumi gyaɗa. Masaƙar KTL ta Kaduna da ta fara aiki a 1957 ma da wani kamfanin Lancashire, David Whitehead and Sons, gwamnatin Sardauna ta haɗa hannu.

Sarkin_Noma_Jr:
Na ƙaru ƙwarai, Allah Ya saka. Na janye maganar zuzutawa a kan yara da ƙura da bel. Amma har yanzu ina nan a kan cewa wanda ya bar sule 9 ya koma inda gidansa zai tara sule 30 ba wawa ba ne, ya san abin da ya baro.

Malam_Tarihi:
Ba wawa ba ne, sai dai a tambaya ko yana da zaɓi na uku. Jama'ar Ingila da Wales sun ninka daga kusan miliyan 9 a 1801 zuwa kusan 18 a 1851, gona ba ta ninka ba. Filayen gari da talaka ke kiwon saniya ɗaya da yin itace an killace su an raba wa masu ƙasa. Dokar talakawa ta 1834 kuma ta nufi a daina ba mai lafiya agaji a gidansa, sai ya shiga gidan gajiyayyu, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya. Har hukumar da ke kula da wannan doka ta kwashi dubban mutane daga kudu ta kai su masaƙun arewa tsakanin 1835 da 1837.

Dan_Adawa_Katsina:
Duk da haka jikokinsu sun fi su ci da sha, kuma daga masaƙar abin ya fito. Bayan 1850 lada ya fara hawa sosai.

Lauyan_Kwadago:
Ya hau, amma aikin yara bai tafi da wuri ba. Dokar 1844 da muke yabo ita ce ta sauko da shekarun fara aiki daga 9 zuwa 8, a madadin rage musu awa zuwa shida da rabi, rabin yini a masaƙa rabin yini a makaranta. An riƙa ɗaga shekarun a hankali, 10, 11, 12, amma tsarin rabin yinin bai mutu ba sai da dokar ilimi ta 1918 ta soke shi, kuma ƙungiyoyin ma'aikatan auduga na Lancashire da kansu sun sha jefa ƙuri'ar a bar shi, saboda gidajensu na buƙatar sulallan yaran. Injiniya, in kana kusa, ka yi mana bayanin man da ake zuba wa mazarai, don na ga ana danganta shi da wata sankara da ta addabi masu kaɗi.

Injiniya_Kakuri:
Da farko man dabba da na tsiro ake amfani da shi, har da na kifin whale. Daga wajen 1850 aka koma man da ake tatsowa daga dutse, wanda ba a tace shi sosai ba. Mazari na juyawa dubban sau a minti yana fesa shi daidai ƙugun mai kaɗi, shi kuma siririn farin wando kawai ke jikinsa saboda zafi, yana jingina da inji duk lokacin da zai ɗaura zare. Wandon ya jiƙe da mai shekara ashirin, talatin, sai sankarar fata ta fito a marainansa. Likitocin Manchester sun tabbatar da alaƙar a 1922. Maganin da aka kawo shi ne tataccen farin mai, da ɗan murfi a gindin mazari da ke tare feshin, da duba ma'aikata lokaci-lokaci.